Barclays: Sunan da Muka Sani a Filin Ƙwallo da Kuɗin da Ke Bayansa

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan kallon ƙwallo, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, tsakanin 2004 da 2016, ya ga sunan nan har ya gaji da ganinsa. Kafin alƙalin wasa ya busa, yana jikin allo. Aka tafi hutun rabin lokaci, yana nan. Ranar da aka miƙa kofi a ƙarshen kaka, ƙyallayen da aka ɗaura wa kofin ma shi ne a jikinsu. Yaranmu da yawa sun taso suna zaton Barclays wani yanki ne na sunan gasar Firimiyar Ingila, kamar yadda ake cewa Kano ta Dabo. Dattawanmu kuwa sun san shi ta wata fuska dabam, domin a zamaninsu banki ne mai rassa a garuruwanmu, inda ma'aikacin gwamnati yake karɓar albashi, ɗan kasuwa yake ajiya.

A yarjejeniyarsa ta ƙarshe da hukumar gasar, wadda ta yi aiki daga 2013 zuwa 2016, bankin yana biyan fam miliyan 40 kowace shekara don kawai a riƙa ambaton sunansa tare da na gasar. Ba shi da ƙungiya, ba shi da ɗan wasa, ba ya sayar da ƙwallo ko takalmi. To me yake saye da wannan maƙudan kuɗi? Amsar ita ce kyakkyawan zato. Mai sayar da shadda yana iya shimfiɗa maka ita ka taɓa, ka duba saƙarta, ka ɗaga ta a rana. Banki ba shi da hajar da zai shimfiɗa. Abin da yake nema shi ne ka miƙa masa guminka ka tafi gida ka kwanta da natsuwa, kuma babu mai yin haka sai ya yarda da sunan. Saboda haka dogayen benaye da filayen wasa da kofuna ba ado ba ne a wurin banki, jari ne. Idan muka bi tarihin Barclays za mu ga yadda ake tara wannan jari, za mu kuma ga cewa nan ne talaka yake iya taɓa shi ya ji zafi.

Daga shagon maƙeran zinariya

Labarin ya faro ne a 1690 a titin Lombard da ke tsohon birnin Landan, inda wasu maƙeran zinariya biyu, John Freame da Thomas Gould, suka soma karɓar ajiyar mutane suna ba da rance. Dukansu Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Quaker, wata ƙaramar jama'a da hukuma ta tsananta wa a wancan zamani. An toshe musu hanyar shiga manyan jami'o'i da riƙe muƙaman gwamnati, sai suka fuskanci fatauci. Sun shahara da ƙin yin rantsuwa, bisa hujjar cewa maganar mutum ta yau da kullum ya kamata ta zama gaskiya ba sai ya rantse ba, sun kuma shahara da faɗin farashi guda ba tare da ciniki ba. Wannan shaida ce ta sa jama'a suka amince musu da dukiya. A 1728 shagon ya koma wani gida mai alamar baƙar mikiya da ta buɗe fikafikai, domin a lokacin alamu ake rataya wa gidaje maimakon lamba. Mikiyar nan ce har yau take jikin tambarin bankin, sai dai ta koma shuɗiya. A 1736 surukin Freame, James Barclay, ya shiga harkar, daga nan sunan ya samo asali. A 1896 kuma ƙananan bankuna 20, yawancinsu na iyalan Quaker da auratayya ta haɗa, suka dunƙule suka zama kamfani guda.

A 1925 Barclays ya haɗe wasu bankuna uku da ke aiki a ƙasashen da Birtaniya take mulka, wato Colonial Bank da Anglo-Egyptian Bank da National Bank of South Africa, ya kafa reshensa na ƙetare da aka fi sani da Barclays DCO. Ta ƙofar na farkon ya shigo mana, domin Colonial Bank ya riga ya buɗe a Nijeriya tun 1917. Ta ƙofar na biyun ya shiga Masar da Sudan. Ta ƙofar na ukun kuma ya gaji abin da zai zame masa ƙarfen ƙafa bayan rabin ƙarni. Za mu dawo kan wannan.

Inda kuɗin yake fitowa

A yau dukiyar da ke rubuce a littattafan Barclays ta kai kimanin fam tiriliyan ɗaya da rabi, kuma a 2024 ya bayyana ribar fam biliyan 8.1 kafin cire haraji. Tun farkon wannan shekarar ya raba ayyukansa gida biyar: bankin jama'a a Birtaniya, bankin kamfanonin Birtaniya, sashen kula da dukiyar attajirai, bankin zuba jari, da sashen katin bashi a Amurka.

Na farkon shi ne wanda mutumin titi ya sani. Yana da abokan hulɗa fiye da miliyan 20, yana riƙe musu asusun albashi da na ajiya, yana ba su bashin sayen gida. Shi ya fito da katin bashi na farko a Birtaniya, Barclaycard, a 1966. Shi ya girka na'urar cirar kuɗi ta farko a duniya a reshensa na Enfield da ke arewacin Landan, ranar 27 ga Yuni 1967, kakar ATM ɗin da muke bin layi a gabanta a ƙarshen wata. Ya ci gaba da girma ta hanyar haɗiye wasu: ya sayi Woolwich mai ba da bashin gidaje a 2000, ya sayi harkar bankin kantunan Tesco a 2024.

A nan akwai wata kalma da ya kamata mu tsaya a kanta, musamman saboda ɗalibai. A bakin Bahaushe, riba ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, halas ce tsarkakakkiya. A Larabci kuwa, kuma a littattafan fiƙihu, kalmar tana nufin ƙarin da ake ɗora wa bashi, wanda ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara suka haramta da kakkausan lafazi. Don kauce wa ruɗani, wannan na biyun za mu kira shi kuɗin ruwa. Mafi yawan kuɗin shigar sashen jama'a na Barclays daga nan yake fitowa: ratar da ke tsakanin ɗan ruwan da yake ba mai ajiya da babban ruwan da yake karɓa daga mai bashi. Katin bashi ya fi kowanne tsadar ruwa, kuma wanda ya fi biya shi ne wanda ya kasa sauke bashinsa a ƙarshen wata, wato mai ƙaramin ƙarfi. Wannan ba sirri ba ne, ba kuma aibin Barclays shi kaɗai ba ne, haka tsarin yake a kowane bankin gargajiya, har da namu na gida. Amma yana da kyau mai murnar kofi ya san aljihun da kuɗin kofin suka fito.

Abin lura, bankin da kansa ya san akwai kasuwa a wajen masu gudun kuɗin ruwa. Reshensa na Kenya ya buɗe asusu mai suna La Riba a 2005, bankin Absa na Afirka ta Kudu kuma, lokacin yana ƙarƙashinsa, ya buɗe sashen Musulunci a 2006. Ɗan kasuwa ba ya ƙin ciniki.

Sashen zuba jari shi ne wanda ba a gani daga bakin titi, alhali shi ne ya fi kawo kuɗi a wasu shekarun, shi ne kuma ya fi jawo masa magana. Yana shirya wa gwamnatoci da manyan kamfanoni bashi, yana sayar musu da takardun lamuni, yana dillancin hannun jari da kuɗaɗen ƙasashe. A watan Yunin 2012 hukumomin Birtaniya da Amurka suka ci tarar bankin fam miliyan 290 saboda ma'aikatansa sun riƙa murɗa alƙaluman LIBOR, ma'aunin da ake dubawa a lokacin wajen yanka kuɗin ruwa a kan basussuka a faɗin duniya. A wancan zamani kowace safiya manyan bankuna sukan faɗi farashin da suke ganin za su iya samun rance da shi, a fitar da matsakaici. Sai aka gano wasu dillalan suna roƙon abokan aikinsu su ɗaga adadin ko su sauke shi don cinikinsu ya yi kyau. Tauye mudu ke nan, sai dai mudun na duniya ne baki ɗaya. Cikin 'yan kwanaki shugaban bankin, Bob Diamond, ya yi murabus. Mu riƙe sunansa, zai sake fitowa. Wasu bankunan ma an kama su da laifin daga baya, wasunsu tararsu ta fi tasa, amma Barclays ne ya fara amsawa, shi ne kuma sunansa ya fi shan dukan. Ga jikokin mutanen da suka ƙi rantsuwa don maganarsu ta isa shaida, abin da kunya.

Saboda irin wannan haɗari ne dokar Birtaniya ta tilasta wa manyan bankuna su gina katanga tsakanin ajiyar jama'a da harkar zuba jari, don idan caca ta ci ɗaya kada ta tafi da albashin mutane. Barclays ya kammala raba nasa a 2018.

Akwai kuma abin da ya faru a 2008, shekarar da bankunan duniya suka yi ta durƙushewa. Gwamnatin Birtaniya ta ceto Royal Bank of Scotland da Lloyds da kuɗin jama'a, ta zama mai hannun jari a cikinsu. Barclays ya ƙi wannan hanya, ya nufi ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Katar ta zuba biliyoyin fam, Sheikh Mansour bin Zayed na Abu Dhabi shi ma ya sa fam biliyan 3.5. Shi ne mutumin da ya sayi ƙungiyar Manchester City a watan Satumbar wannan shekarar, wato cikin makonni kaɗan ya mallaki ƙungiya a gasar, ya kuma tallafi bankin da gasar take amsa sunansa. Yarjejeniyar Katar ta kai ga kotu bisa zargin an biya wasu kuɗaɗe a ɓoye. An kori ƙarar da aka shigar kan bankin a 2018, an wanke manyan jami'ansa a 2019 da 2020, amma a 2024 ya amince ya biya hukumar sa ido tarar fam miliyan 40 kan rashin bayyana wa masu hannun jari cikakken abin da aka ƙulla. Ko ma dai mene ne, dukiyar ƙasashen Musulmi ce ta riƙe wannan banki a ranar da ƙafarsa take rawa.

Benaye suna tashi, rassa suna rufewa

Fiye da shekara 270 hedikwatar bankin tana titin Lombard. A 2005 ya tashi ya koma One Churchill Place, bene mai hawa 32 da tsawon mita 156 a unguwar Canary Wharf. An gina shi ne bayan harin 11 ga Satumba 2001, shi ya sa aka ƙarfafa ginshiƙansa da matakalansa fiye da yadda aka saba. Ita unguwar a da tashar jiragen ruwa ce, West India Docks, inda ake sauke sukarin da bayi baƙar fata suka noma a tsibiran Karibiyan. Tun 2015 kamfanin da ya mallaki unguwar yana hannun asusun zuba jari na Katar da kamfanin Brookfield na Kanada.

A New York ofishinsa yana lamba 745 a titin Seventh Avenue, kuma yadda ya same shi labari ne. Ginin hedikwatar bankin Lehman Brothers ne, wanda rushewarsa ranar 15 ga Satumba 2008 ta girgiza duniya. Kwana biyu bayan haka Barclays ya sanar da sayen harkokinsa na Arewacin Amurka a kan kimanin dala biliyan 1.75, kuma mafi yawan kuɗin na gine-gine ne, ba na kasuwancin ba. Ba da daɗewa ba allunan jikin benen suka sauya launi zuwa shuɗi. Faɗuwar wani, tashin wani.

Yana da wata babbar harabar a bakin kogin Clyde a Glasgow da aka buɗe a 2021, da cibiyoyin kwamfuta a Cheshire da Pune ta Indiya. Amma ginin da ya fi shafar talaka shi ne wanda yake ɓacewa. Tun 2015 Barclays ya rufe rassa fiye da 1,000 a Birtaniya, bisa hujjar cewa mutane sun koma waya. A maimakonsu yakan ajiye ma'aikaci a ɗakin karatu na unguwa ko a cikin mota mai yawo, wasu ranaku a mako, kuma galibi ba a karɓar tsabar kuɗi a wurin. Wanda abin ya fi ƙuntata wa shi ne tsoho da ba ya iya latsa waya, da mai ƙaramin shago da yake tara tsaba. A wasu garuruwan tsohon reshen ya koma gidan shan kofi, mikiyar da aka sassaƙa a dutse tana nan bisa ƙofa.

Sunan da ake haya

Dangantakar bankin da ƙwallon ƙafa ta girmi gasar Firimiya, domin ya ɗauki nauyin tsohuwar gasar ƙasar daga 1987 zuwa 1993. Ya dawo a 2001 da sunan Barclaycard, ya koma sunansa na ainihi a 2004. Zamanin Kanu da Okocha da Yakubu Aiyegbeni da Mikel Obi ke nan, kuma zamanin da tauraron ɗan'adam ya kai gasar kowane lungu namu. Leicester City ce ta ɗauki kofi na ƙarshe mai sunan bankin a 2016. Ahmed Musa ya isa ƙungiyar a bazarar wannan shekarar, sai ya tarar an sauke sunan, domin gasar ta yanke shawarar daina jingina sunanta ga kowa. Barclays ya zauna a matsayin bankin gasar, ya kuma ɗauki nauyin babbar gasar mata tun 2019, da gasar tanis ta Wimbledon tun 2023. Kekunan haya na birnin Landan ma sun yi yawo da sunansa daga 2010 zuwa 2015.

Misalin da ya fi fito da manufar fili shi ne Barclays Center, katafaren zauren wasan ƙwallon kwando da aka buɗe a unguwar Brooklyn ta New York a 2012. Bankin bai gina shi ba, bai mallake shi ba, ba shi ma da rassan jama'a a birnin. Hayar bango ya yi na shekara 20. Har tashar jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin zauren an ƙara mata sunan, ta yadda duk wanda ya duba taswirar jiragen birnin sai ya karanta shi. Da aka sanar da yarjejeniyar a 2007, wasu 'yan siyasa baƙar fata na yankin, cikinsu har da Hakeem Jeffries da Letitia James, suka yi tir, suna cewa bai dace a liƙa wa unguwar baƙaƙe sunan bankin da aka danganta da cinikin bayi da mulkin wariya ba. Bankin ya musanta zargin bautar. Tarihin dai yana da fuska biyu: David Barclay, ɗaya daga cikin iyalan, ya mallaki wata gona da bayinta a Jamaika a madadin bashin da yake bi, sa'an nan a 1795 ya 'yanta su, kusan mutum 30, ya biya kuɗin kai su Philadelphia. Masu yabo suna duban 'yantawar, masu suka suna duban yadda aka yi mutum ya zama jinginar bashi tun farko. Batun wariya kuwa ba a iya musanta shi.

Ranar da Legas ta rufe asusu

A shekarun 1970 Barclays ne banki mafi girma a Afirka ta Kudu, lokacin da gwamnatin tsirarun fararen fata take kan ganiyar zalunci. A 1976, shekarar da aka harbe 'yan makaranta a Soweto, reshensa na can ya sayi takardun lamunin tsaro na gwamnatin, wato ya ranta wa sojojinta kuɗi. Nijeriya a lokacin tana sahun gaba wajen yaƙi da wariya. A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta umarci ma'aikatu da hukumominta su kwashe kuɗaɗensu daga Barclays na Nijeriya, ta kuma rage yawan Turawan da aka yarda su yi aiki a cikinsa. A 1979 hannun jarin uwar kamfanin ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, aka sauke mikiya, aka sa wa bankin suna Union Bank of Nigeria. Ragowar hannun jarin an sayar da shi bayan shekara goma. Yawancin masu shiga Union Bank a yau ba su san cewa sunan da ke bisa ƙofar sakamakon wani matsayi ne da ƙasarsu ta ɗauka don mutanen da ba ta taɓa gani ba.

A Sudan rabuwar ta riga haka, kuma dalilinta dabam ne: gwamnatin Ja'afar Numairi ta mayar da bankunan ƙetare mallakin ƙasa a 1970. Abin da ya kasance Barclays a can shi ne Bank of Khartoum na yau, wanda yake aiki bisa tsarin Musulunci.

A Birtaniya kanta ɗalibai ne suka riƙe wutar. Tun wajen 1970 suka soma kiran a ƙaurace wa bankin, suna tsayawa a ƙofar rassansa a farkon kowane zangon karatu suna roƙon sababbin ɗalibai su buɗe asusu a wani wuri. Ɗalibi ba shi da kuɗi, amma banki ya san cewa wanda ya buɗe asusu yana ɗan shekara 18 yakan zauna da shi har tsufa, da albashinsa da bashin gidansa. Coci-coci da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka bi sahu. Shekara 16 ana wannan ja-in-ja, kason bankin a kasuwar ɗalibai yana zubewa, har a watan Nuwambar 1986 ya sayar da hannun jarinsa ya fice. Reshen ya zama First National Bank. Babu wanda ya ƙwace masa gini, babu dokar da ta kore shi. Lissafi ya yi, ya ga abin da sunansa yake asara a gida ya fi abin da yake samu a can.

Wannan tarihi ne ya dawo a zukata bayan yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktobar 2023. A watan Mayun 2024 ƙungiyoyi uku na Birtaniya, Palestine Solidarity Campaign da Campaign Against Arms Trade da War on Want, suka fitar da rahoto suna cewa Barclays yana riƙe da hannun jari na fiye da fam biliyan 2 a kamfanoni tara da ke sayar wa Isra'ila makamai, ya kuma shirya musu basussuka na fiye da fam biliyan 6. Adalci ne mu faɗi amsar bankin: ya ce shi ba mai zuba jari ba ne a kamfanonin, hannun jarin na abokan hulɗarsa ne da yake yi wa dillanci, kuma yi wa kamfanonin tsaro hidima aiki ne da ya shafi tsaron Birtaniya da ƙawayenta. Amsar farko tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar yadda dillanci yake. Amma ba ta taɓa batun bashin ba, kuma ta biyun amincewa ce da hulɗar, ba musu ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda rauni yake. Mawaƙa fiye da 100 suka janye daga wani bikin kiɗa a garin Brighton saboda bankin ne ya ɗauki nauyinsa. Da janyewar ta yaɗu, a watan Yuni aka dakatar da ɗaukar nauyin da yake yi wa manyan bukukuwan Download da Latitude da Isle of Wight na wannan shekarar. Kuɗin da aka kashe don a so sunan, su ne suka zama igiyar da aka kama shi da ita. Wasu kuma suka bi dare suka farfasa gilasan rassa kusan 20 suka watsa musu jan fenti. Wannan ba mu ga alherinsa ba. Mai shara da mai karɓar kuɗi a kanta su ne suka tarar da ɓarnar da safe, kuma ɗaliban 1986 ba su yi nasara da jifa ba, da haƙuri da rufe asusu suka yi.

Ga iyalan da suke da 'ya'ya a jami'o'in Birtaniya, maganar ba ta nesa ba ce, domin abu na farko da ɗalibi yake yi bayan ya sauka shi ne buɗe asusu, kuma sunan da ya sani tun daga gidan kallo shi ne yake fara zuwa masa a rai. Hukuncin ajiya a bankin gargajiya ga wanda ba shi da mafita, malamai sun yi bayaninsa, kuma su ya kamata a tambaya. Abin da za mu ƙara shi ne mafitar ta fi da yawa: a Birtaniya akwai Al Rayan, wanda ya fara aiki a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain, akwai Gatehouse, a gida kuma akwai Jaiz tun 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. Su ma ba a ce a karɓe su ido rufe ba don sunan da suka rataya. Tambayar da za a yi wa mai mikiya ita za a yi musu: ina kuke kai kuɗin, kuma ta yaya kuke samun naku?

Barclays ya sake gwada Afirka. Ya koma Afirka ta Kudu a 2005 ta hanyar sayen rinjayen hannun jarin Absa, sa'an nan a 2016 ya sanar da janyewa. A 2020 aka sauke sunansa daga rassan Accra da Kumasi da Tamale da Nairobi, aka ɗora na Absa, a 2022 kuma ya sayar da ɗan abin da ya rage masa. Shi kuwa Bob Diamond, bayan murabus ɗinsa kan badaƙalar LIBOR, ya kafa wani kamfani mai suna Atlas Mara a 2013 don sayen bankuna a Afirka. Babban abin da kamfanin ya zuba kuɗi a kai shi ne wani banki a Nijeriya, inda hannun jarinsa ya kai kusan rabi kafin a sayar wa Titan Trust a 2022. Bankin shi ne Union Bank, mai alamar ingarman doki, wanda aka sauke wa mikiya a 1979.